Hantar Jariran Ɓeraye a Firizar Madam Ngozi

Daren Laraba, Unguwar Romi

Na gaji, ko abinci na kasa ci. Tun da janaretan ɗakin bincikenmu ya lalace na kai kayan gwajina firizar Madam Ngozi, mai sayar da ƙanƙara a Kakuri. Hanta da ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye ne, ina auna furotin da ke riƙe sinadarin tayirod, wanda matsalarsa ke kawo maƙoƙo, a cikinsu yayin da suke girma. In suka narke, shi ke nan.

Yau na tarar da kular da na zuba kayan a ciki a bakin ƙofarta, cikin rana, komai ya narke. Mijinta ne ya buɗe, ya karanta rubutun jikin kwalaben da ke ciki.

"Malama, ɓera fa? A inda nake sa abin shan mutane?" in ji ta. "Da kwastoma ya gani, kasuwata ta mutu."

Gaskiyarta. Amma aikin watanni ya tafi, sai na sake kiwon wasu daga haihuwa.

Tana faɗa ina kallon maƙoƙon da take rufewa da ɗankwali. Na so in ce mata aikin nan a kan ciwon wuyanta ne. Sai dai na ɗauki kulata na tari keke napep.