Ƙasarun Ranar Lahadi

Harlem, New York
Watan Yuni

Zuwa ga Yayata A'ishatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya ke da Abban Kabir da yara. Ya ƙafar Umma, ta yi sauƙi? Da hannu na rubuta wannan, zan ba mai tahowa Kano, don ba na son in bar muryata a waya kowa ya danna ya ji.

Yaya, ranar da komai ya canja mini wata Lahadi ce. Kin san tun da mota ta buge mijina Fu'ad ya bar aikin kai abinci a keke, ya koma tsaron shagon wani ɗan Nijar a Canal Street. Tun ƙarshen sanyi ya ce an ƙara masa aikin Lahadi, yana fita da asuba. Ran nan ya dawo dab da magariba. Na shimfiɗa masa darduma, na ce ya yi sauri kada la'asar ta wuce shi. Yana kwance igiyar takalmi, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai ya haɗa ta da azahar tun a can, raka'a bibbiyu. Sai ya ankara da abin da ya faɗa. Ni kuma na naɗe dardumar.

Ke kika koya mini ƙasaru a hanyar Zariya, kika ce sai tafiya ta yi nisa sosai. Daga gidanmu zuwa Canal Street kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, kafin in gama babi biyu na littafi an isa. Wane malami ne zai kira wannan tafiya? Mijina zai iya ɓoye mini inda yake zuwa, amma na san ba ya wasa da sallarsa. Idan ya yi ƙasaru, to garin nan ya bari.

Ban tambaye shi ba. Washegari na juya takalman nasa, na tarar da ƙananan tsakuwoyi farare sun maƙale a ƙasansu. A cikin safarsa kuma akwai wani ganye siriri kamar tsinken tsintsiya, mai ƙamshi. Garin nan duk siminti ne da kwalta, a ina ya taka tsakuwa?

Na san za ki ce littattafan soyayya ne suka cika mini kai. To amma a cikinsu haka ake farawa, miji ya ƙirƙiro aiki, ya dawo yana murmushi shi kaɗai. Abu ɗaya ne bai dace ba. A littafi mai neman wata ba ya cin abincin gida. Wannan kuwa ranar Lahadi cin manomi yake yi, har ƙanzon tukunya yake nema.

Don Allah kada ki gaya wa Umma. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Muhsina


Harlem, New York
Watan Yuli

Yayata A'ishatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya ruwan sama? Na ji saƙonki cewa in yi haƙuri in bar binciken takalmi. Na bari, Yaya. Sai na koma ƙafafun.

Ya aske gashin ƙafarsa. Wallahi, daga gwiwa har idon sawu, sumul kamar na amaryar da aka yi wa halawa. Sannan a ƙasan jakarsa na tsinci wani baƙin wando mai matse jiki, an ɗinka masa soso a mazaunai. Na riƙe shi na yi ta kuka, don ko a littafi ban taɓa karanta irin wannan ba.

Na kai shi wurin maƙwabciyata Anti Nimatu, 'yar Zangon Kumasi da ke aikin kula da tsofaffi. Ta ɗaga wandon, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce ƙaninta Kudus yana da irinsa, kuma duk Lahadi shi ke loda kekuna a motarsa ya kwashi abokai zuwa duwatsun arewa, mijina a ciki. Ta ɗauka na sani. Ta ce in gode wa Allah, nata mijin kujera kawai yake hawa.

Da ya dawo na ajiye masa wandon kusa da farantin abinci. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya faɗi gaskiya. Ya ce akwai wani tafki a kan dutse, tafiyar sa'o'i biyu a mota, da hanyoyin tsakuwa suka kewaye shi, ba mota, ba ham. Keken da ake hawa a can mai faffaɗan taya ne, yana ajiye nasa a gidan Kudus. Askin ƙafa kuwa wai don idan an faɗi a tsakuwa ciwon ya yi sauƙin wankewa. Ashe har faɗuwa yake yi.

Kin tuna abin da Hajiyarsa ta faɗa yana kwance a asibiti? Ta ce ba ta yafe ba idan ya sake hawa keke, kuma ni ta damƙa wa amanar sa masa ido. Duk Juma'a sai ta tambaye ni a waya, ni kuma ina ce mata ko kusa da keke ba ya zuwa. Shi yanzu cewa yake yi keken cikin motoci Hajiya take nufi, ban da na daji. Ya ce ya ɓoye mini ne don kada ya sa ni yi mata ƙarya. To me nake yi duk watannin nan?

Da a nan ya tsaya da na yi barci. Amma don in yarda sai ya buɗe mini hotuna a wayarsa. Ruwa shuɗi, itatuwa, maza masu hular kwano. A hoto na gaba sai ga mace, hijabi a ƙarƙashin hular kwano, tana miƙa masa gorar ruwa. Ya ce Firdaoussi ce, 'yar Yamai, tafinta ce a wani ofishi, kuma ta fi su duka iya hawan dutse. Yadda ya faɗi wannan na ƙarshen ne bai yi mini daɗi ba. Ya lissafa mini sunan kowa kafin hoton, nata ne kaɗai ya tsallake.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaishe da Umma.

Taki,
Muhsina


Harlem, New York
Watan Agusta

Yayata abar ƙaunata,

Ina fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin Kabir ya sauka. Yaya, na je. Na ce ko a tafi da ni, ko ranar Juma'a Hajiya ta ji komai. Aka matsa mini wuri a motar Kudus, tayar keke tana gogar kafaɗata har muka isa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, wurin ya fi duk inda na taɓa karantawa kyau. Mota ta yi ta hawa har kunnuwana suka toshe, sai ga ruwa a kwance a tsakiyar farin dutse, kana ganin ƙasansa. Ga itatuwan nan masu ganyen tsintsiya, na gane ƙamshinsu nan take. Hanya ɗaya tana bin bakin ruwa a cikin inuwa, ita ce ta masu koyo. Wata tana nannaɗe dutsen tana hawa har gefen wani rami mai ban tsoro, sannan ta zaga ta baya ta ɓace. Ita suka bi.

Firdaoussi ta rungume ni kamar mun saba. Ta ce "Madam Fu'ad" da bakinta na Faransanci, ta ba ni kilishin Yamai, ta ce mijina ba ya rufe baki da labarina. A littafi mai yin haka ita ce abar tsoro. Na ci kilishin dai, yana da daɗi.

Suka tafi, na zauna a bakin ruwa da littafina, ko shafi ɗaya ban karanta ba. Na hango su a can sama kamar tururuwa, ita a gaba, shi a bayanta, sannan dutse ya rufe su. Tun lokacin da kuke azahar a Kano har tamu ta nan ta yi, ba su fito ba. Abin da ke bayan dutsen nan ban gan shi ba, kuma daga inda nake zaune ba zan taɓa gani ba.

Da suka dawo duk ƙura ta yi musu fari. Firdaoussi na sauka daga keke ta tambaye shi gwiwar, wai ta ga ya rage ƙarfi a hawan ƙarshe. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban san gwiwar tana damunsa ba. Shi kuma yana dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin hatsarin. Sannan ya ja mu salla a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, raka'a bibbiyu, ni da ita a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Ban ga laifi ko ɗaya ba, Yaya, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Idan na hana shi, na kashe dariyar nan da hannuna. Idan na zauna a gida, zan ci gaba da juya takalmi har in haukace.

Na gaya masa ba zan sake amsa tambayar Hajiya ba. Juma'ar nan shi zai kira ta da bakinsa, abin da ta yanke tsakaninsu ne. Ya ce to. Kafin mu taho kuma Firdaoussi ta ce tana da tsohon keke daidai tsawona, za ta koya mini a hanyar bakin ruwa. Wataƙila kirki ne, wataƙila ta ɗauka zan ƙi.

Na san abin da za ki ce game da matar aure a kan keke, kuma na san ko na yara ban taɓa hawa ba. Ki gaishe da Umma, ki ce mata ina lafiya.

Na karɓi keken. In Hajiya ta sassauta, duk inda suka bi a dutsen nan ina bayansu.

Ƙanwarki,
Muhsina