Na bar Inna a tsakiyar labari

Gwaggo Hamida, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya yi mini dariya ba.

Ni 'yar Gummi ce, aure ya kai ni Bukkuyum. Bara na gama kwalejin kiwon lafiya, bana kuma na sami aikina na farko a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Sakkwato. Maigidana malamin firamare ne, shi da kansa ya kawo ni gidan yayata Mansura inda nake zaune, ya koma saboda mahaifiyarsa. Bai taɓa nuna mini damuwa ba. Matsalata Inna ce, wato mahaifiyar tasa.

Idanun Inna sun yi rauni sosai. Ni kuwa tun ina yarinya ba na rabuwa da littattafan soyayya. Wata rana ta ji ina shessheƙa a tsakar gida, ta tambayi wanda ya rasu. Kunya ta kama ni, na ce wata ce a littafi. Ta ce in karanta mata ta ji. Daga nan kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya, ina karatu ina tsallake wuraren da ba a karanta wa suruka, ita tana ɓarar gyaɗa tana yi wa mutanen littafin faɗa kamar maƙwabtanta ne. Wani saurayi ma ta ce da ɗanta ne da ya sha tsintsiya.

Muna tsakiyar wani littafi aka kira ni aiki. Na yi mata alkawarin za mu ƙarasa idan na zo.

Gwaggo, ina son Sakkwato. Ina son farar rigata, da a kira ni Malama, da shiga keke napep da safe ina jin kamar ni ce tauraruwar labarin. Satin farko kaɗaici ya dame ni, na buɗe littafin na karance shi tas ni kaɗai. Ga hanya ba tabbas, har yau ban je gida ba, kunya kuma ta hana ni kiran Inna a waya.

Jiya Sahura, ƙanwar maigidana, ta ce min har yanzu Inna na sa a shimfiɗa tabarmar bayan la'asar, ta zauna a kai ita kaɗai har magariba. Sahura ta samo wani littafin za ta karanta mata, Inna ta ce karatunta kamar sanarwar cigiya, a bari sai na dawo. Abinci ma ta rage ci.

Ina tunanin ajiye aikin in koma. In kuma na tuna wahalar karatuna da ɗawainiyar maigidana, sai in ji wannan ma cin amana ne. Yaya zan yi?

Mai Karatun La'asar, Sakkwato

*

'Yata,

Ba dariya nake miki ba, murmushi nake. Ba kowace suruka ke samun wannan matsayi ba.

Kada ki ajiye aikin. Mijinki ya yarda, kin sha wahala kafin ki same shi, kuma in kin koma da ɓacin rai a ciki, Inna za ta ji shi a muryarki tun shafin farko. Jin daɗin sabon gari ba laifi ba ne.

Amma kewar Inna gaskiya ce, kuma kin yi sakaci. Kin bar kunyar littafin da kika karance ta hana ki kiranta. Rage cin abincin tsohuwa kuwa ba abin wasa ba ne. Ki sa maigidanki ya kai ta a duba ta, kada a ɗora komai kan kewa.

Sannan ki koma bakin karatunki. In kin tashi aiki, ki ɗauki muryarki a waya kina karanta shafuka kaɗan, ki tura wa Sahura ta kunna mata a kan tabarmar nan bayan la'asar. Ko sabis ya ɗauke, zai isa daga baya. Ita ma Sahura ta ɗauko miki faɗan da Inna ke yi wa mutanen littafin. Ku zauna da maigidanki ku tsayar da lokacin zuwa gida, da rana, in hanya ta yi kyau.

Ki faɗa wa Inna kin riga ta karancewa. Za ta yi miki tsiya, ki shanye. Shafin ƙarshe kuwa kada ki tura shi. Ki riƙe shi har ranar da za ki zauna kusa da ita, da sabon littafi a jakarki.

Allah Ya sa albarka a aikinki, Ya ƙara wa Inna lafiya. Ki gaishe ta.

Gwaggo Hamida