Kwalbar da Maigida Yake Ajiye Mini Kusa da Almakashi

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara. Maganar nan ta tsaya mini a rai, kuma kunya ta hana ni kai ta gaban 'ya'yana.

Ni tela ce, shekara ashirin da bakwai ina kan keke. Bara aka gano ciwon daji a maƙogwarona, aka yi mini gashin nan na na'ura, wato a gasa wurin ciwon da haske, har sati bakwai. Alhamdu lillahi ciwo ya tafi, na koma shagona, har 'yar ƙiba na yi. Abu ɗaya gashin ya tafi da shi, yawu. Bakina ƙayau yake kamar an shanya shi a rana. Ni da nake lasar bakin zare in zura a allura ko kallo ba na yi, ranar da na koma aiki na lasa, zare ya fito yadda ya shiga. Dariya na yi, sai kuma ga hawaye.

Maigida tsohon direban bas ne, kuma bai iya daɗin baki ba. Shekara talatin bai taɓa yaba girkina ba, sai dai ya miƙo kwano a ƙara. To shi ne ya bi kantunan magani ɗaya bayan ɗaya har ya samo mini yawun kwalba, wanda ake fesawa a baki, mai ɗanɗanon lemun tsami. Tun daga ranar, kullum sai ya riga ni zuwa shago, ya goge keke, ya ajiye kwalbar kusa da almakashi, bakinta na kallon kujerata. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha labarin yadda ya samo ta, kai ka ce shi ya haɗa maganin! Anti, daɗin da nake ji ba ya faɗuwa. Sai da na yi jinya na san mutumin nan yana ji da ni haka.

To watan jiya na ciji zare da haƙorin gaba kamar yadda na saba, sai gefensa ya ɓantare. Dama ruwan sanyi ya jima yana sa ni zabura. Likitar haƙori ta duba ni, ta karanta jikin kwalbar, ta ce irin wannan yana da tsami, a hankali yake cin farin ɓawon da ya rufe haƙori, tunda babu yawun da zai wanke shi. Ta ce in bar shi in koma wani. Ta kuma ja mini kunne cewa cire haƙori a muƙamuƙin da aka gasa ba wasa ba ne, wurin ba ya saurin warkewa.

Na dawo gida ban ce masa uffan ba. Na san halin kayana, cewa zai yi shi ya cuce ni, ya shige ɗaki ya yi ta zaman zugum. Yanzu in ya tsaya a kaina sai in fesa don ya gani. Har na yi tunanin in riƙa zubarwa ina cika kwalbar da ruwa. Ya zan yi kada in rasa haƙorana, kada kuma in rasa wannan safiya tamu?

Taki, Tela Mai Busasshen Baki

Yaya Tela,

Barka da samun lafiya, barka kuma da miji irin wannan. Amma ki ajiye kwalbar nan yau, ba gobe ba. Likitarki ta yi gaskiya. Yawun da Allah ya halitta yana wanke tsami, yana kuma mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Na kwalba kuwa iri-iri ne. Mai tsami yana zaizaye ɓawon haƙori, kuma abin da ya zaizaye ba ya tsirowa. Akwai marar tsami, wani har da kalsiyam da fulorayid a ciki, sinadaran da ke ƙarfafa haƙori. Likita ce za ta zaɓa miki, ita za ta faɗi man goge bakin da ya dace da ke. Ki riƙa kurɓar ruwa a kai a kai. Zare kuma, haba Yaya, ga almakashi a gabanki!

Na fahimci tsoronki, kuma ba na banza ba ne, zai ji ciwo a ransa. Sai dai ki auna. Zaman zugum na kwana biyu ne ya fi nauyi, ko ranar da zai tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ya ji cewa kin sani kika yi shiru kina fesawa don ya gani? Dabarar ruwa kuma ki bar ta, ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ga mai goge miki keke kullum.

Ki fara da gaskiyar da kika rubuto mini: kwalbarsa ce ta mayar da ke bakin aiki, kuma ba shi da yadda zai san da tsamin. Sannan ku tafi wurin likitar tare, ki sa ta rubuta sunan sabon maganin ta damƙa takardar a hannunsa, ba naki ba. Direba ne, in hanya ta lalace ba ya fasa tafiya, wata yake bi. Ina kyautata zaton kafin ki gama ɗaura ɗankwali washegari, sabuwar kwalba na nan kusa da almakashi, bakinta na kallon kujerarki.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare, ya bar miki haƙoran da za ki yi masa murmushi.

Antinku