Rasuwar Baba Kina-Ji-Na, Mai Layinmu na Farko

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa, da Manajan Darakta, da ɗaukacin ma'aikatan wannan kamfani na sadarwa, suka samu labarin rasuwar tsohon Babban Injiniyanmu, uba ga duk wanda ya taɓa ɗaura bel ya hau ƙarfen sabis da sunanmu, wanda aka fi sani da Baba Kina-Ji-Na. Allah Ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, bayan jinyar wata uku.

Masu shigowa dogon benenmu na yau ba za su yarda ba idan aka ce musu a ɗaki biyu na haya muka fara, saman shagon mai tayoyi, mu goma sha ɗaya, da fanka guda da ake juyawa bi da bi, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Marigayin ne ya kafa ƙarfenmu na farko. Ranar da aka kunna shi, manyan baƙi sun yi cirko-cirko a gindinsa suna jiran Shugaba ya yi kiran farko a gaban 'yan jarida, sai aka jiyo murya daga can sama: "Hajiya, kina ji na? Kina ji na?" Ashe tun da safe ya bar wa uwargidansa wayar gwaji a gida. Shugaba ya yi fushin kwana biyu, sunan kuwa ya bi Baba har kabari.

Tun daga nan ba ya sa hannu a kan sabon ƙarfe sai ya hau ya kira Hajiya, ta ce ta ji shi rangaɗau. Kamfani ya sauya suna sau biyu, ya sauya launi da masu hannun jari, masu layi suka tashi daga ɗaruruwa zuwa miliyoyi, amma lambarsa tana nan, ita ce ta farko da muka taɓa bayarwa. Shi ne kuma, sa'ad da lambobi suka yi ƙaranci, ya kafa dokar rufe duk layin da ya kwana casa'in ba kira a ba wani, bai taɓa ɗaga wa ko darakta ƙafa ba.

A nan muke sunkuyar da kai don kunya. Kashegarin jana'iza, kwamfutarmu, wadda ba ta san jinya ba balle mutuwa, ta aika wa wayarsa saƙo cewa za a rufe layin nan da kwana bakwai. Da tawagarmu ta je gaisuwa, Hajiya ta nuna mana saƙon, ta ce: "Ku 'ya'yansa ne, ba zan ɓoye muku ba. In na buga ba a ɗauka ba, muryarsa ke cewa in bar saƙo. Don Allah kada ku ba wani."

Hajiya, ki yafe mana. Muna roƙon Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba ki da 'ya'ya da jikoki da abokan aikinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Hukumar Gudanarwa ta zauna jiya, kuma a karon farko a tarihin kamfanin nan ta karya dokar Baba, duk da mun san da yana raye da mun sha faɗa. Ba za a rufe layinsa ba, ba za a ba kowa ba, muddin muna da ƙarfe ko ɗaya a tsaye. Shekara ashirin da shida yana tambayarki ko kina jin sa. Ki buga duk lokacin da kika so, za ki ji shi.

Sa hannun:
Daraktar Hulɗa da Jama'a kuma Mai Magana da Yawun Kamfani,
ɗaya daga cikin goma sha ɗayan farko, wadda marigayin ke kira Uwar Surutu.