Faya-fayan da Ka Bar Mini, Kawu

Zuwa ga Kawuna, Alhaji na Ringim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka. Na san ba kai za ka karanta wannan ba. Masu bin shafina ne za su karanta, kuma cikinsu akwai danginmu. To su karanta ɗin, don ni dai raina a ɓace yake, kuma ban saba kai ƙara wurin kowa ba sai wurinka.

Kawu, maganar faya-fayanka ce.

Waɗanda ba su san ka ba, bari su sani. Gwamnati ta tura ka Turai koyon aikin injinan ban ruwa tun kana saurayi. Abokanka suka dawo da kwat da agogo, kai kuwa ka dawo da garmaho da akwatin ƙarfe cike da faya-fayan kiɗan Turawa na ƙarni na sha tara. Yawanci opera ne, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe. Dangi suka ce Turai ta taɓa ka.

Ranar da na fara ji, ina 'yar firamare, an aiko ni da kunun gyaɗarka. Wata mata ta ɗaga murya cikin garmahon nan, na kusa sakin kwanon. Na tambaye ka wa ke dukanta. Ka yi dariya har da tari, ka ce ba dukanta ake ba, mutuwa take, in zauna in ji yadda za ta ƙare. Na zauna. Tun daga ranar, duk hutu a tabarmar ɗakinka nake yinsa.

Kai kuma da taurin kanka, duk tarin faya-fayan nan shekara ɗaya ka riƙe, 1853. Kakan ce, "Rabi, ƙarni ya yi mini yawa, shekara ɗaya ta ishe ni." Ka ba ni labarinta har na haddace. A farkonta wani mawallafin kiɗa na Italiya ya fito da wasa a Rum, gari ya ɗauka. Ba a jima ba ya kai wani wasan birnin Venice, labarin wata mata mai tarin fuka, sai 'yan kallo suka yi ta dariya, wai mai rerawar ta cika ƙiba, ba ta yi kama da mai jinya ba. Duk sanda ka zo nan sai ka yi tsaki, kamar a gabanka aka yi. Ka ce sun zo da ido sun bar kunne a gida. A shekarar ce kuma wani ɗan shekara ashirin a Jamus ya ƙwanƙwasa ƙofar wani babban mai kiɗa, ya kaɗa masa fiyano, dattijon ya shelanta wa duniya cewa magaji ya zo. Wannan kam kana son sa, har kakan ɗaga yatsa.

Ban taɓa jin yarensu ba, kai ma rabi-rabi kake ji. Amma ka koya mini in gane inda goge ke shigowa a hankali kafin muryar, da inda mawaƙiya ke jan numfashi. Ana kiran salla kake ɗage allurar, ko da ana tsakiyar mutuwar ne. Kakan ce ta jira mu, ai ta saba.

Da ciwo ya kwantar da kai ina Dutse wurin aiki. Inna Asabe, ƙanwarka, ita ta yi jinyarka. A gabanta ka ce, "Faya-fayan nan na Rabi ne." Ta riƙe maganar, Allah Ya saka mata. Bayan an yi arba'in sai ga saƙo daga Ringim har gidana a unguwar Takur, ƙunshi cikin zani. Na wanke hannu na kwance. Kawu, faya-fayan kaba ne. Irin na rufe ƙwarya, masu ja da kore, waɗanda marigayiya matarka ta jera a bangon ɗakinta.

Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske. Ban ga laifin Inna ba. Ita faifai ɗaya ta sani a duniya, wanda ake rufe fura da shi a kuma sheƙe tsaba. Naka kuwa baƙaƙen farantan Alhaji take ce musu. Da na yi mata bayani a waya sai ta kama salati, ta ce ai akwatin yana wurin Auwalu.

To ga inda abin ya fara ɓaci. Yaya Auwalu, ɗanka na fari, yana ɗakin lokacin da ka yi maganar. Shi ya san faifan da kake nufi, a gidan ya girma. Ya ga Inna tana cire na kaba daga bango tana kakkaɓewa, ya bar ta ta ƙunsa.

Na kira shi. Ya ce in yi haƙuri, ya rabu da su saboda kai. Wai kiɗa ne, kiɗan ma na waɗanda ba sa salla, kada a riƙa saka shi nauyin yana bin ka kabari. Ya yi mini wa'azi mai tsawo, har da jan aya. Ban ja da shi ba, don ni ba malama ba ce. Na ce a raina idan tsoron Allah ne ya sa ya ƙone su, zan haɗiye, ko da yake wasiyya ma ai ba abin wasa ba ce. Garmahon kaɗai ya bari aka kawo mini, wai ba mai so.

Asabar ɗin da ta wuce na je wunin bikin 'yar abokiyar aikina a wani ɗakin taro nan Dutse. Ana ta kiɗa kamar za a tsaga rufi. Na ɗaga kai in ga kwalliyar da aka yi wa kujerar amarya, sai na ga wasu abubuwa zagaye-zagaye suna lilo a jikin zare, an fesa musu fenti ruwan gwal. Na matsa. An huda kowanne da ƙusa mai zafi a gefe, an manna masa furen roba. Ɗaya ya juya, bayansa fentin bai kama sosai ba, sai ga alamar da kake yi da jan biro a tsakiya, 'yar da'irar nan ta waɗanda ka fi so.

Kawu, faya-fayanka ne.

Mai kwalliyar ba ta ɓoye mini komai ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta ce wani Alhaji Auwalu na Ringim ne ya kawo mata akwati guda, suka yi haɗin gwiwa, duk bikin da aka rataya su yana da kasonsa. Har tana yaba masa, wai mutum ne mai ido. Ashe kiɗan da zai bi ka kabari bai hana shi lilo a kan amare ba, ana casu a ƙarƙashinsa.

Ban yi rigima ba, bikin mutane ne. Na sa hannu na tsinke zaren wancan ɗin, na sa a jaka, na fita ko abinci ban ci ba. A gida na gwada ruwan ɗumi da sabulu, na gwada kananzir. Fentin ya cike layukan. Na ɗora shi a garmaho duk da haka, allura ta yi ta shuuu tana zamewa. Can wajen tsakiya murya ta ɓullo, ta matar nan ce, ba ta kai numfashi ɗaya ba ta sake nutsewa.

Abokan aiki sun ce ai duk yana cikin waya, in nema. Na sani. Ni ba kiɗa na rasa ba, abin da ka ce nawa ne aka hana ni, aka kuma fake da sunan Allah wajen hanawa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Jiya Yaya Auwalu ya turo saƙo. Na ɗauka haƙuri zai bayar. A'a. Wai mai kwalliya ta ce jerin ya yi giɓi, akwai biki Juma'a, in taimaka in mayar, kada in ɓata masa hulɗa da mutane.

Ban ba shi amsa ba, amma tunda yana karanta shafin nan, ga ta. Ba zan mayar ba. Ɗaya ne cikin akwati guda, ya lalace, ba ya ko magana, amma ya iso hannun wadda ka ambata.

Na yi kewarka, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Wasiyyarka ka faɗe ta a gaban shaidu, ka sauke naka, saura yana wuyan masu rai. Ni kuma Allah Ya sanyaya mini zuciya har in iya gaishe da ɗanka ranar salla, don a yau kam ba zan iya ba.

Taka har kullum,
Rabi, daga Takur