Faransancin Da Na Koya Don Dada

Unguwar Ɗan Iya,
Bauchi.

Zuwa ga Baffana Modibbo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Inna Mary da duk mutanen gida a Gabon. Allah ya ƙara nisan kwana, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, har katangar bayan gida ta so ta kwanta, ɗan'uwana Yero ya tokare ta da itace kafin a samu magini. 'Yar'uwata Fati ta yaye ɗanta, ya zama sarkin ɓarna, ba ya barin kwano a rufe. Kawu Jalo ya shigo daga ruga ranar Juma'a, ya ce dabbobi lafiya lau. Mahaifiyarmu Dada ce dai jikin sai a hankali, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Na ba Alhaji Mijinyawa takardar ya taho maka da ita, don maganar ba ta waya ba ce. In na fara ta da baki, kuka zai riga ni.

Baffa, na san babban yayanmu Hamma Sabitu ya dawo muku tun kafin ranar da kuke sa ran ganinsa, kuma na san abin da ya faɗa maka, domin ya faɗa mini kafin ya hau mota. Ya ce ya zo neman uwa ya tarar ba shi da ita. Ina so ka ji yadda abin ya kasance daga bakin wadda ta tsaya a tsakaninsu tana fassara.

Ban taɓa gaya maka yadda na faɗa karatun Faransanci ba. Ni aikin jinya nake so, har na fara cika baki a unguwa. Ranar da zan je neman gurbi a kwaleji, Dada tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce in ɗauki yaren nan na ƙasar su Baffana. Na tambaye ta dalili, ta ce yaro ba ya tambayar dalili. Haka na shiga ajin da ba mu cika benci uku ba, a hannun Malama Liatu, wadda ta sa muka yi wata guda muna kakarin harafi ɗaya a maƙogwaro kamar masu kurkure baki da ruwan gishiri. Teloli a kasuwar Wunti suka raɗa mini Hajiya Bonjur, har yau in na wuce sai wani ya ɗaga murya. Daga baya karatun ya shiga raina. Na so waƙoƙinsu, na so littattafan labaransu, har na kai in karanta shafi ban nemi ƙamus ba. Kullum bayan la'asar in na zauna ina bita da ƙarfi, sai Dada ta jawo kujerarta kusa, tana tsinar shinkafa ko gyaran zogale. Ina tsokanarta cewa ta kusa karɓar takardar shaida tare da ni. Shekara uku ina wannan wauta ban gane abin da take saurare ba.

Ni ban zo duniya ba lokacin da aka yaye Hamma, marigayi Baba ya ɗauke shi ya ba ka riƙo, ganin Allah bai ba ka haihuwa ba tukuna. Ka riƙe shi da amana, wannan kowa ya shaida. Sai dai ya tashi a gidan da ba a jin komai sai Faransanci, kai kuma kullum kana kan hanyar fatauci, har ya zama saurayi ba Hausa ba Fulatanci. Ba laifi nake ɗora maka ba, Baffa, Allah ya kiyaye, amma da ka zaunar da shi ko sau ɗaya ka gaya masa mece ce kunyar ɗan fari a wajenmu, da ba mu kai nan ba. Ni ma ina da rabona. A ajin al'adu an koya mana cewa su can ɗa yana rungumar uwarsa, su haɗa kumatu, su kalli juna ido cikin ido. Mun yi ta dariya a aji ranar. Na rubuta shi a jarrabawa na ci, amma bai zo mini a rai in gargaɗi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tun da aka ce yana tafe Dada ba ta zauna ba. Ta sa aka shafe ɗakin Baba da farar ƙasa, ta aika ruga a kawo kindirmo da man shanu, ta dama fura da hannunta duk da ciwon kafaɗa. Da ya shigo tsakar gida, dogo, da tafiyar Baba sak, ya yar da jaka ya buɗe hannuwa ya nufe ta yana kiran Mama. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ja da baya, ta shige madafa. Matan maƙwabta da suka taru suka sa dariya suna yaba mata, suna cewa Fulatanci bai mutu ba. Shi kuwa ya tsaya da hannuwa a buɗe, yana duban masu dariya ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin madafa Dada ta ce in yi wa baƙo sannu da hanya, in tambaye shi ya ya baro mutanen gida. Wannan ita ce jimlar farko da na fassara a rayuwata ba don maki ba, kuma na so a ce ban iya ba.

Haka kwanakin suka tafi. Ba ta kira sunansa ba, ba ta zauna inda yake ba, abinci sai ta ba Fati ta kai. Amma ni na ga abin da shi bai gani ba. In yana ci, tana bayan labule tana leƙe, in ya tsame hannu da wuri ta kira ni ta tambaya ko yaji ya yi yawa. Ta lura da hagu yake ɗaukar moɗa, ta ce tun yana goye haka yake. Rigar da ya shanya ta sauke ta goge da kanta ta ce in ce Fati ce. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita fuskar ce take rufewa, ina zai tambaya?

Wata safiya ya kira ni ƙofar gida ya tambaye ni ko don ba ta son shi ne ta bayar da shi. Na tattaro duk Faransancin da Malama Liatu ta zuba mini, na yi masa bayani dalla-dalla: cewa uwa a wajenmu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma yawan kunyar shi ne yawan matsayinsa. Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, ya fahimci kowace kalma. Ya yi murmushi ya ce na iya yare, amma ni abin da aka gaya mini nake faɗa, shi kuwa abin da ya gani da idonsa. Ya ce shekara ashirin da wani abu yana ajiye wannan rungumar. Na koma ciki na durƙusa gaban Dada na roƙe ta ta kira sunansa sau ɗaya, ko a ɗaki, ba mai ji sai ni. Ta ce ita ma 'yar fari ce, uwarta ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma ba ta taɓa shakkar ƙaunarta ba. Ta ce ko ta so, bakin ba zai buɗe ba. Sai ta ce ranar Asabar in raka baƙo ruga wajen Kawu Jalo, akwai abin da zai gani.

Kai ka san abin da ke ruga. Karsanar da aka ba shi ranar suna, Dada ba ta bari an taɓa ko jikanyarta ba. Lokacin jinyar Baba an ba ta shawara a sayar da biyu, ta sayar da 'yan kunnenta da tasoshin aurenta ta ce shanun suna da mai su. Yau garke ne, Kawu Jalo yana kiransu shanun mai Gabon. Abin da ta tanada ta faɗa masa ke nan, da irin bakin da ta iya. Ni kuma na yi shiru da maganar don ya gani da idonsa, tun da ya ce gani ya fi yarda da shi. Ranar Alhamis, tun kafin Asabar ɗin ta zo, ya ɗaure jakarsa. Na bi shi har tasha ina ba shi labarin shanun, ya ce bai zo Bauchi don gado ba.

Dada ba ta fito rakiya ba. Da na dawo na same ta zaune a kan tabarmar da yake zama, ta jawo kwanon tuwon da ya rage da safe, tana ci a hankali, ita da ba ta cin tuwo mai sanyi. Tun ranar abinci ya fita ranta. Jininta ya hau, likita ya ce zuciyar ta gaji, a guji ɓata mata rai. Ni kuma na tura masa saƙo ya fi a ƙirga, amsarsa ba ta wuce yana lafiya, ya gode.

Gaskiya karatun ya fice mini daga rai, Baffa. Jarrabawar ƙarshe ta matso, ana shirin kai mu Badagry mu zauna inda ba a jin komai sai Faransanci, amma na rufe littattafan na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa Malama Liatu mene ne amfanin yaren da ya kasa haɗa ɗa da uwarsa. Ta ce ba yaren ne ya kasa ba, wata maganar sai wanda ya rene ka ne zai faɗa ka yarda. Shekaranjiya bayan la'asar Dada ta tambaye ni me ya sa gidan ya yi tsit. Ta ce in ɗauko littafi in karanta mata, kowanne ne, da ƙarfi. Ina karantawa ta lumshe ido, can ta ce haka muryar take hawa da sauka in baƙon nan yana magana. Na kasa ƙarasa shafin.

Don haka nake roƙonka, don Allah da zumunci, ka zaunar da Hamma. Ka gaya masa da yaren da ka rene shi da shi abin da ka gani ranar da ka tafi da shi, domin Baba ya taɓa gaya mini cewa ranar ma Dada ba ta fito ba, kuma ta yi sati tana zazzaɓi ba ta gaya wa kowa dalili ba. In da hali ka taho da shi da kanka kafin ƙarshen shekara, zumunta a ƙafa take. Ba zan yi masa alkawarin za ta rungume shi ba. Ya zo ya zauna a tabarmar nan kawai, ya bar ta ta leƙa. Ina tsoron kada ya fahimta a lokacin da babu kowa a bayan labulen.

Fati da maigidanta suna gaishe ku, Yero yana gaisuwa, Kawu Jalo ya ce a gaishe ka da kyau. A gaida Inna Mary, a ce na gode da turaren. Na tambayi Dada saƙonta, ta ce a gaishe ka, a gaida Mary, a gaida maƙwabta, har mai gadin shagonka ta tuna. Na jira da alƙalami a hannu. Ta juya fuska bango ta ce in rubuta cewa farar saniyar nan ta haihu, ta kuma ce kada a ɗaure wa ɗan maraƙin igiya, ana jiran mai shi ya zo ya ɗaura da hannunsa.

Wassalam, 'yarka mai neman albarkarka,
Habibatu.