Hanyar Ayu

Bagudo, 3 ga Afrilu, 1961

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da Goggo Atika da duk mutanen gidanta a Madekali. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiyar Allah.

Baba, na san tun ranar da ka tsallaka Dahome ka ce kada a sake ambata sunana a gabanka. Ban ga laifinka ba. Wane ɗa ne zai karɓe galmar ubansa a bakin tafki, a gaban masunta, ya ce doka ba ta san uba ba? Ni ne, da kakin gadin gandu a jikina, kaina ya kumbura. An karanta mana cewa ba mai haƙa a cikin gandu, ni kuwa na haddace kamar karatun allo. Ban tsaya na tambayi abin da kake haƙawa duk shekara ba.

Yanzu na sani. Kogi ya janye, bakin tafkin ya toshe da laka, kuma akwai ayu a ciki, uwa da ɗanta. Sambo masunci ya ce kai kaɗai ka san tsohuwar hanyar da kake yashe musu su koma Kwara. Don Allah ka aiko mini da kwatance.

Ɗanka,
Ma'azu

Bagudo, 24 ga Afrilu, 1961

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mai kwalekwalen da na ba wa takarda ya ce an karanta maka, ka juya fuska bango. To, na ji.

Ruwan ya dawo iya ƙirjina. Ciyawar da suke ci ta ƙare, ni nake yanko musu daga bakin kogi. Da hantsi uwar takan ɗago hanci ta shaƙi iska, ɗan yana manne a hammatarta yana shan nono. Wallahi ban san haka suke ba. Shekara biyu ina gadin dabbar da ban taɓa kallo ba.

Na rubuta wa ofis neman izinin haƙa, suka ce sai sabon babba ya zauna a kujerarsa. Ruwa kuwa ba ya jiran kowa ya zauna. Don haka na ɗauki galmarka daga sito, ina aikata laifin da na kama ka a kansa. Kwana tara ina haƙa ta gefen gabas, jiya na ci karo da dutse. Hannuwana duk sun fashe. Masunta suna tsaye suna kallona, ba mai sa hannu, kuma ni na koya musu hakan.

Kada ka yafe mini in ba ka so. Ka faɗi ta ina kawai.

Ɗanka,
Ma'azu

Bagudo, 9 ga Mayu, 1961

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Goggo. Allah ya sa kuna lafiya.

Ba sai ka aiko ba. Ranar Laraba da safe na iske uwar a yamma da tafkin, ta fito daga ruwa ta kutsa cikin laka har tsawon gaba huɗu, hancinta yana fuskantar kogi. A nan ta mutu. Na taka gabanta, ƙafata ta nutse har gwiwa, ƙasar da laushi. Hanyarka ce. Ita ta san ta, ta je bakinta ta jira a buɗe mata, da ta gaji da jira ta gwada da kanta.

Na zauna a lakar nan na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Sambo ne ya fara shigowa da shebur, sauran suka biyo shi. Ba wanda ya nemi kitsenta, duk da ka san yadda ake sonsa. Muka binne ta, sannan muka bi inda ta nuna. Kwana biyu kacal, ruwan Kwara ya shigo.

Ɗan bai so tafiya ba. Yini guda yana zagaya wurin da ta saba kwanciya, sai da muka kora shi da hannu. Jiya ya fita kogi shi kaɗai, cikinsa a shafe, kwana biyar bai sha nono ba.

Kai ka san kwana nawa ɗan ayu yake yi ba uwa. Wannan kam kada ka faɗa mini.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Ma'azu